Takalman 'Yar Tsohuwa

Ranar Talata, da hantsi

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wurin ginin gada. Yaya gajiya, yaya zafin rana? Ni dai yau na tashi da sauƙi. Tarin ya lafa, sai gwiwar hagu da ta ƙi sakina, da wannan rawar hannu da za ka gani a rubutun. Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. To ka san kunnena: in kana magana sai in ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kai kuma kullum cikin sauri kake. Takarda ba ta katse mutum. Direban da ke kai muku ƙarfe ya yarda zai riƙa miƙa maka.

Bayan haka, matarka da jaririyar suna wurina tun da aka sallame su, saboda ɗakina ya fi kusa da babban asibiti. Na bar musu gadon, na koma kan doguwar kujera. Kada ka damu, dama barcina bai taka kara ya karya ba. Tun da ka sa wa yarinyar sunan mahaifiyarka bakina ya kasa kiran sunan, sai nake ce mata 'Yar Tsohuwa. Ta ɗauko goshin mai sunan, ta haɗa da faɗan.

Matarka ta ce maka ƙafafun suna da 'yar matsala. Sassauta maka ta yi. Ni na gani da idona. Duka biyun sun murɗe ciki, tafin wannan yana kallon tafin wancan kamar za su tafa, dunduniya kuma ta ɗage sama. Da na sa yatsa zan miƙe ɗaya sai na ji ta ƙi, kamar an ɗaure ta da igiya daga ciki. Na mayar da zanen na rufe, na fita waje na zauna.

Ungozomar da ta karɓi haihuwar ita ce ta fara lura, ta ce kada a kai ta wurin mai ɗori, ba karaya ba ce, ta tura mu wurin likitar yara. Ita kuma ta juya yarinyar ta duba gadon bayanta, ta lanƙwasa cinyoyin, ta saurari ƙirji, ta ce komai lafiya lau in ban da ƙafafun. Daga nan sai wurin likitan ƙashi, babbansu, mai furfura a gefen kai. Da na gan shi hankalina ya kwanta. Na ce yau mun zo gidan magani.

Ɗana, ko zama bai yi ba. Ya riƙe ƙafar, ya ɗan juya ta, ya yi wa yarinyar wasa, ya ce ba za a yi mata aiki ba. Ya rubuta 'yan kalmomi ya ce mu bi baranda har ƙarshe, mu wuce wurin wanki, za mu ga wani ɗaki. A ɗakin muka tarar da wata yarinya da ba za ta girme wa matarka ba. Na tambaye ta ko likita ce, ta yi dariya ta ce a'a Baba, ita mai gashin ƙashi ce, irin masu motsa gaɓoɓi. Tare da ita akwai wani gajeren mutum mai sa filasta, hannunsa fari fat kamar mai kwaɓa fulawa. Su ne wai za su gyara ƙafar jikata.

Shekarun da na yi ina akawu sun koya mini abu guda. Takardar da ake so a yi aiki da ita sama take hawa, daga ƙaramin tebur zuwa babba. Wadda aka fid da rai a kanta ita ake turowa ƙasa, har ta ƙare a ɗakin ajiya wurin gara. Ka kuma tuna jinyar mahaifiyarka. Muddin babban likita yana tsayawa a bakin gadonta muna da ƙwarin gwiwa. Ranar da ya fara wucewa ya bar mu da ƙananan, ba wanda ya ce mana uffan, amma ni da kai mun gane.

Abin da nake gani ke nan. An yar da mu ne cikin ladabi. Ban faɗa wa matarka ba, don tana shayarwa. Ka nemi hutu ka zo, kai mai ƙarfi ne, za su saurare ka. Ni in na ɗaga murya tari ne ke fitowa.

Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
Tsohon Akawu

Ranar Alhamis

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Direba ya ce ya ba ka wasiƙata hannu da hannu, ya ce ka karanta a tsaye, ka ninke, ka sa a aljihu. Ni jiya jiri ya ɗebe ni a bakin famfo, amma na dafa bango, ban faɗi ba.

Sun sa mata filastan. Ba irin na manna wa ciwo ba, wannan mai taurin siminti, tun daga yatsu har saman cinya, gwiwa a lanƙwashe. Ban shiga ba. Kunyar surukuta ta ba ni hujja, amma gaskiya tsoro ne ya zaunar da ni a benci. Ina jin kukanta ta ƙofa duk da rashin jina. Da aka fito da ita sai na ga abin da ya tsinka mini zuciya: ƙafar ta fi da karkacewa. Tafin ya ƙara juyowa sama. Na nuna wa Malamar gashin, ta ce haka ake farawa, sai an fara buɗe ramin tafin kafin a juya ƙafar waje, kowane mako a ciro a ƙara kaɗan. Na gyaɗa kai. Amma a raina na ce, wa ya taɓa ganin an nufi gabas an fara da tafiya yamma?

Mai filastan mutum ne mai barkwanci. Ya ce da ni, Baba ga amaryarka nan mun yi mata doguwar safa, saura kai ka kawo takalmi. Matan da ke benci suka yi ta dariya. Akwai su da yawa a ranar, kowace da nata jaririn da fararen ƙafafu. Na ƙirga su a matsayin waɗanda aka turo ƙasa irinmu.

An ba ni aiki. Malamar ta ce a riƙa duba yatsun da suka leƙo daga bakin filastan. A danna farce, ya yi fari, a saki, jini ya dawo nan take. In yatsun suka yi sanyi, ko suka yi duhu, ko suka shige ciki, kada a jira ranar asibiti, a jiƙa filastan a warware. Ta nuna mana ɗan ƙullin da suke bari a ƙarshen naɗin don a sami wurin kamawa. Matarka ta ce, Baba kai ne mai gadi. Tun daga ranar ba ni da sukuni. Idona ba ya rarrabe ja da ɗan duhu sai na kai ta bakin taga. Nakan danna, in saki, in kasa tabbatarwa, in sake dannawa, har ta tsandara ihu ta harare ni irin hararar mai sunanta.

Ba a yi mata wanka a baho yanzu, sai goge jiki da tsumma. In aka ɗaga ta ƙafafun suna ƙwanƙwasar juna kamar kofuna. Wannan ƙarar tana bina har cikin sallah.

Na ƙara leƙa ofishin babban likitan. Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta ce ba ranarmu ba ce, za a kira shi in lokacinsa ya yi. Na san irin wannan amsar, ni ma na sha ba mutane ita. Ka zo, ɗana. Ina tsoron kada mu wayi gari an ɓata abin da Allah Ya bari.

Ka gaida mutanen ɗakinku. Wassalam.

Mahaifinka

Ranar Litinin, bayan azahar

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka gaisuwar mai ɗoki. Da fatan jiki da aiki lafiya. Ni ƙirjina yana ɗan nauyi, amma yau ba shi ne labari ba. Ka karanta wannan a zaune.

Matarka ta ce ka kira ta ka ce a dakatar da zuwa asibitin har ka zo, wai kana neman inda za a yi wa yarinyar aiki na sosai. Na san daga ina wannan ya fito, daga alƙalamina ne. Na ce mata ta ci gaba da zuwa, in akwai faɗa a wuyana. Ga dalili.

Makonni kaɗan da suka wuce ta fita kasuwa ta bar mini 'Yar Tsohuwa tana barci. Na je duba yatsu kamar kullum. Na dama suna nan. Na hagu babu. Na kai ta taga, na goge tabarau, na leƙa: sun shige can ciki, sai kan babban yatsa kawai nake hange, ga shi kamar ya yi duhu. Ta farka da wani irin kuka da ban san ta da shi ba. Na ƙwala wa maƙwabta kira, duk sun tafi aiki. Wayar matarka kuma ga ta nan kan tebur tana caji. Ɗaukarta zuwa asibiti ba zai yiwu ba, ni da ko butar ruwa sai na huta a hanya.

Na zuba ruwan ɗumi a baho, na zauna a ƙasa, abin da na daɗe ban yi ba don ban san yadda zan tashi ba. Na jingina ta a ƙirjina, na tsoma ƙafar. Ruwan ya koma kamar madara. Ina laluben ƙullin nan, na kama ya kuɓuce, na kama ya kuɓuce. Ina ta kiran sunan Allah, ina ce mata yi haƙuri uwata, yi haƙuri. A raina ina ganin ƙafar za ta fito baƙa, in zama ni ne na yi gadin banza. Da ƙullin ya kamu sai naɗin ya soma warwarewa, layi bayan layi, har auduga ta fito.

Ƙafar ta fito ja, a yamutse kamar ta daɗe a ruwa, yatsun suna motsi. Na danna farce, jini ya dawo. Sai da numfashina ya daidaita sannan na lura da ɗaya abin. Ɗana, tafin yana kallon ƙasa. Ba ya kallon ɗan'uwansa. Ƙafar ta juyo waje kamar ta kowane jariri, dunduniyar ce kawai ba ta sauko ba. Duk makonnin nan ana ciro filasta a ɗakin can ina zaune a benci, ban taɓa shiga na gani ba. A nan matarka ta same mu, ni da jikata da baho, duk mun yi fari. Ta ajiye kaya ta ɗauke ta, ta kira mai shagon da ke can ƙasan layinmu ya ɗaga ni.

Da muka je Malamar ba ta yi faɗa ba, ta ce abin da ya kamata ke nan, yarinyar ce ta yi ta shure-shure har filastan ya zame. Mai filasta ya ce, Baba ashe kai ne ke cin mini kasuwa, gobe ka zo da rigar aiki. Ranar na shiga ɗakin. Na ga yadda suke yi: ita ta sa babban yatsanta a wani ɗan ƙashi a gefen ƙafar, ta juya a hankali kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da ake barci, ta riƙe cak, shi kuma yana naɗawa yana shafawa. Hannu huɗu, aiki ɗaya. Yarinyar tana shan nono abinta.

Shekaranjiya kuma babban likitan ya zo ɗakin da ƙafarsa. Ya taɓa dunduniyar, shi da Malamar suka yi shawara, suka ce lokaci ya yi. Ashe nasa aikin ke nan, kuma sai nasu ya kammala yake yiwuwa. Ya kashe wurin da allura, ya ɗan tsaga jijiyar agara da ta ɗaure dunduniyar, wurin bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan karon ina tsaye, na riƙe ƙarfen gado har yatsuna suka sage. Dunduniya ta sauko. An sa filasta na ƙarshe, ya ce jijiyar za ta haɗe da kanta da tsawon da ya dace.

Ba ƙasa aka tura mu ba. Na auna asibiti da ma'aunin ofishinmu na da, na kuma auna shi da rasuwar mahaifiyarka. Ka yaga wasiƙun nan biyu na farko. Wannan ita ce ta gaskiya.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka

Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana,

Da fatan kun sauka lafiya, kai da iyalinka. Yaya 'Yar Tsohuwa ta yi da doguwar hanya? Ni tun da kuka tafi abinci ba ya shiga, sai ruwan shayi. Na koma gadona, amma ya yi mini faɗi.

Ranar da ka zo ban iya ba ka amsa ba. Kana magana da sauri, rabi nake ji, in na buɗe baki tari ya riga ni. To ga amsar a rubuce.

Ka shigo bayan an cire filastan ƙarshe, ka tarar da ita da takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe a tsakani, ka ce an sa wa 'yarka mari kamar mai laifi. Ka kwance su, ka ga ƙafafu sambal, ka ce to me ya rage, ai ta warke. Da matarka ta ce Malama ta hana a cire, sai ka zaro wasiƙata ta farko daga aljihu, ka ce ba Baba ne da kansa ya rubuta cewa yara aka bar ku da su ba? Na tambaye ka ta ukun, ka ce ka gani, amma wai sun yi mini daɗin baki ne. Ɗana, wasiƙar farko tsoro ne ya rubuta ta. Ta ukun ido ne. Me ya sa ka zaɓi ta makaho?

Takalman nan ba a kasuwa aka saye su ba. Akwai mutum na musamman a asibitin, aikinsa ke nan, yi wa gaɓoɓi abin tallafi. Ya auna tafinta, ya daidaita sandar da faɗin kafaɗunta, ya koya wa matarka yadda za ta zaunar da dunduniya har ta gan ta ta ɗan ramin da ke bayan takalmin kafin ta ja maɗauri. Ya ce watannin farko dare da rana, sai lokacin wanka. Bayan nan sai lokacin barci kawai, har ta yi wayo, kuma ba zai hana ta rarrafe ko tafiya ba. Shi da Malamar da likitan duk bakinsu ɗaya: filasta ne ke gyarawa, takalmi ne ke tsarewa. Malamar ta ce ƙafar ba ta manta hanyar da ta fito ba, in aka sake ta a hankali za ta koma, ba a gane ba sai ta yi nisa.

Na san abin da ke cin ka. Ba ka so a shigo ɗakinku a ga 'yarka da ƙarfe, a fita ana ƙus-ƙus. Ni ma na rufe ƙafafun da zane ranar farko. Amma masu ƙus-ƙus ba su ne za su taka da gefen ƙafa ba.

Na ga lokacin da matarka ta cusa takalman cikin jaka, na ga ka ciro su ka ajiye a kan teburina. Da ta durƙusa yi mini sallama, takalman kawai take kallo. Kada ka yi mata faɗa, umarnina ta bi. Ga su nan na ba direba a cikin leda, da safa biyu. Ka bari ta sa mata ko don ni.

Wassalam.

Mahaifinka

Ranar Asabar, gab da magariba

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka, ina gaida uwata ƙarama. Yau numfashin yana yi mini gardama, ƙafafuna kuma sun kumbura har silifa ba ya shiga. Rubutun zai gajarta.

Direba ya dawo mini da ledar yadda na ƙulle ta. Ya ce ka ce za ka zo yau Asabar da su, mu yi magana, in ya so a leƙa asibitin. Na tambaye shi ko ya ga yarinyar. Ya ce ya gan ta a bayan uwarta, ta yi ɓul-ɓul. Na ce ƙafar fa? Ya ce Baba ni ƙarfe nake dubawa, ba ƙafa ba. Ya yi dariya, ni ban iya ba.

Ranar Alhamis na lallaɓa asibitin ni kaɗai, ina hutawa a kowace inuwa. Malamar ta hango ni ta ce ina amaryar taka, an yi yaji ne? Da na ba ta labari dariyar ta ɗauke. Ta ce ba a makara ba, a kawo ta ta duba. In ƙafar ta fara komawa za su maimaita filasta kaɗan, amma kowane mako da ya wuce yana ƙara aikin. Mai takalma ya ce waɗannan wataƙila sun matse ta yanzu, a zo da su ya musanya da na gaba. Ba wanda ya zage ka. Ba wanda zai zage ka in ka zo.

Tun da safe na share ɗaki, na shimfiɗa musu zanen gado, na sayo burodi, na dafa shayi a filas. Na goge takalman, na ɗora su a kan tebur inda ka bar su. Sai na ga kada su zama abin da za ka fara gani, na mayar da su ƙarƙashin matashi. Sai kuma na ji tsoron kada a tashi tafiya a manta da su, na sake fito da su. Haka na wuni.

Na fitar da kujera bakin ƙofa. Duk motar da ta rage gudu sai na miƙe, har mai shagon ƙasa ya ce Baba zauna, in sun zo ai ba za su wuce ka ba. Ina zaune ina danna farcen babban yatsana ina saki, ban ma san ina yi ba sai da ya tambaye ni ko ciwo yake.

Abu ɗaya nake roƙo kafin wata Asabar. In ta yi barci, ka buɗe zanen ka dubi tafin ƙafafunta. In suna kallon ƙasa, alhamdu lillahi, akwai sauran lokaci. In sun fara waiwayar juna, kada ka rufe zanen kamar yadda na yi.

Allah Ya raya ta, Ya taka da ita a kan tafinta. Ya shirya mu baki ɗaya.

Ni ne mahaifinka,
Tsohon Akawu

Ƙari: An kira sallah. Shayin ya huce, na shigar da kujera. Motar ƙarfe ta wuce ɗazu, ba kowa a gefen direba. Ba ka zo ba. Ban sa sakata ba dai.